Ɗakin Gwaggo: Nazarin Yadda Wata Dattijuwa Ta Rasa Muhalli a Birnin Katsina da Yadda Aka Sama Mata Wani

Dattijuwar da wannan nazari ya shafa ta haura shekara 70 da haihuwa, kuma kusan 50 daga cikin shekarun nan ta yi su ne a gida ɗaya, a wata tsohuwar unguwa ta cikin birnin Katsina wadda idan mutum ya fito bakin lungunta yana hango Hasumiyar Gobarau. Ba zan ambaci sunanta ko sunan unguwar ba, domin tana raye, danginta ma suna raye, kuma rufin asirinsu ya fi duk wani amfani da ambaton zai kawo. Manya da yara Gwaggo suke ce mata, saboda haka da wannan sunan zan ci gaba da kiranta. Na bi lamarinta ne a matsayina na ɗaya daga cikin 'yan kwamitin masallacin unguwar da aka ɗora wa duba halin marayu da gajiyayyu, kuma na ga ya kamata a rubuta shi dalla-dalla, domin hanyar da ta bi har ta wayi gari ba ta da ɗakin kwana, tsofaffi da yawa suna kanta a yanzu ba tare da an lura da su ba.

Mijinta tela ne, ya yi shekaru yana ɗinki a kasuwa har idonsa ya gaza, kuma da yake bai taɓa aikin albashi ba, babu fansho babu garatuti. Abin da ya bari shi ne gidan da ya gada daga mahaifinsa, ginin ƙasa mai zaure da ɗakuna 5 da rijiya a tsakar gida. Gwaggo ce uwargida. Ta haifi 'ya'ya 4, babu wanda ya kai shekarun shiga makarantar allo, daga nan haihuwa ta tsaya mata. Abokiyar zamanta ta haifi maza 3 da mata 2, kuma dukansu a bayan Gwaggo suka tashi, biyu daga cikinsu ma a ɗakinta aka yaye su. Sana'arta koko da ƙosai ce da safe, da ƙarfi ya ragu sai ta koma sayar da kayan miya a faifai, daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da gishiri, ga kuma wankan jego da take yi wa matan unguwa, wanda ke kawo mata sabulu da atamfa da ɗan abin ɓatarwa. Duk abin da take samu daga hannun waɗanda suka san ta yake fitowa, matan da ke aiko yara su karɓo daddawa a biya daga baya, kuma wannan shi ne abin da aka manta da shi lokacin da ake shawarar inda za ta koma.

Rabon gado

Da maigidan ya rasu, matan biyu suka yi takaba ta wata 4 da kwana 10 a ɗakunansu, kamar yadda shari'a ta ba su haƙƙin zama a gidan mijinsu har idda ta cika. Bayan haka aka zauna rabon gado. Iyayen mamacin sun daɗe da rasuwa, kuma tun da ya bar 'ya'ya, rabon matansa tumuni ne, wato ɗaya bisa takwas, su biyu kuma za su raba shi. Malamin da ya yi lissafin ya kasa dukiyar kashi 64: matan biyu suka tashi da kashi 8, kowace 4, kowane ɗa namiji ya samu 14, kowace 'ya mace ta samu 7. Lissafin daidai yake, kuma babu wanda aka tauye wa haƙƙinsa. Sai dai gida mai ɗaki 5 ba ya rabuwa tsakanin magada 7 a kan irin wannan kaso, ga mazan kowa yana neman jari, ɗaya daga cikinsu bashi ya yi masa katutu, saboda haka aka yarda a sayar. Wani ɗan kasuwa ya saya da nufin ya rushe ya tayar da shaguna. Abokiyar zaman Gwaggo ta koma gidan babban ɗanta da kasonta a hannu, ita kuwa Gwaggo ta fito da ɗaya bisa 16 na kuɗin gidan, abin da ko rabin fili ba zai saya mata ba a inda take iya zama.

A nan ya kamata a tsaya a dubi abin da ya canza, domin irin wannan rabo ba yau aka fara shi ba. A da ba a gaggawar sayar da gidan gado a cikin birni. Ana sanin kason kowa, amma gidan yana nan, 'ya'ya suna zaune a cikinsa, tsofaffin mata kuma suna riƙe da ɗakunansu har rai ya yi halinsa, ba tare da wata takarda ba, sai kunya da ganin girma, da kuma cewa ƙasar ba ta kai darajar da za a ɓata zumunci a kanta ba. Tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987 gari yake ta faɗaɗa, filin cikin ganuwa ya yi tsada, musamman wanda ke kusa da titi ko kasuwa, har ya kai ga tsohon gidan ƙasa ya fi amfani ga magada idan an mayar da shi kuɗi. Al'adar da ke tsare wa tsohuwa ɗakinta ta jingina ne da arhar ƙasa, kuma da ƙasa ta yi tsada, wadda ta fara faɗuwa ita ce matar da ba ta da ɗa na cikinta da zai ce ta taho.

Da kuɗin gadon aka kama mata ɗaki a wata sabuwar unguwa da ke bayan ganuwa, aka biya hayar shekara 2 a dunƙule, dillali ya karɓi la'adarsa, abin da ya rage kuma ta ajiye a matsayin jari. A lokacin kowa ya ɗauka an gama magana. Amma a sabuwar unguwar ba wanda ya san ta, kusan kowane gida akwai mai sayar da kayan miya, masu jego kuma da nasu tsofaffin. Sai ta riƙa hawa Keke Napep tana zuwa tsohuwar unguwarta don ta sayar da abin da ta sayar, ribar kuma tana tafiya a kuɗin mota. A shekarun ne kuma hare-haren 'yan bindiga suka kori jama'a daga ƙauyukan Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa, da yawansu suka kwararo Katsina suna neman ɗakunan haya masu sauƙi, irin wanda take ciki. Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota da na abinci da na magani suka tashi tare, zuwa cikin gari ya gagare ta, ta fara cin jarin. Da wa'adin haya ya cika mai gidan ya yi ƙari, ya kuma nemi kuɗin shekara a dunƙule kamar yadda aka saba, ita kuwa a lokacin ko na wata 3 ba ta da shi.

Wata 14 a raɓe

Daga ranar da ta bar ɗakin haya zuwa ranar da kwamitinmu ya san halin da take ciki an yi wata 14, kuma a cikinsu ta zauna a gida 4. Ta fara da gidan na biyu a cikin 'ya'yan mijinta, wanda ita ta yaye shi. Ɗaki 2 ne da shi, da mata da yara 6, saboda haka a ɗakin yaran aka shimfiɗa mata tabarma. Bai taɓa ce mata ta tashi ba, matarsa ma ba ta faɗi wata magana ta fito-na-fito ba, amma Gwaggo tana ganin yadda ake auna tuwo, tana kuma jin abin da ake faɗa ta bayan labule, sai ta ce za ta je ganin gida wurin 'yar ƙanenta a ƙauye. A can ta yi wata 4, har mijin yarinyar ya ƙara aure aka buƙaci ɗakin. Ta dawo Katsina ta sauka wurin wata tsohuwar ƙawarta, wadda ita ma a hannun 'ya'yanta take. Daga ƙarshe wani maƙwabcinsu na da ya ba ta wani ɗan ɗaki da ke jikin zaurensa, wanda ake ajiye tarkace a ciki, rufin soro ne da aka daɗe ba a yi wa yaɓe ba, kuma a markar watan Agusta azara ta saki, gefe guda ya rufto da asuba tana bakin rijiya tana alwala. Allah ya kiyaye. Bayan nan a madafin gidan take kwana, bayan an kashe wuta an share toka.

A duk tsawon wannan lokaci, da za a tambayi kowa a unguwar ko akwai tsohuwar da ba ta da wurin kwana, zai ce babu, kuma da gaskiyarsa yake faɗa. A ƙasar Hausa tsohon da ya rasa muhalli ba kasafai ake ganinsa kwance a bakin titi ba, musamman mace. Ana ganinsa ne yau a gidan wane, gobe a gidan wance, kowane gida yana ɗauka baƙunta ce ta 'yan kwanaki, shi kuma kunya ta hana shi faɗin cewa babu inda zai koma. Abin da wannan yawo ke ci daga jikin tsoho kuwa ba kaɗan ba ne. Gadonta da akwatinta da kwanoninta sun warwatsu a gidaje 3. Katin asibitin da take karɓar maganin hawan jini da shi ya ɓata a ɗaya daga cikin ƙaurace-ƙauracen, ta daina shan maganin, jiri ya fara ɗibarta. Wani dare ta faɗi a hanyar shadda a gidan da ba ta san tudunsa da kwarinsa ba, ta gurɗe a ƙugu, ta kwana biyu ba ta gaya wa kowa ba don kada a ce ta zama nauyi. Yanar da ke idonta na dama kuma ta ƙara rufewa.

Lamarin ya fito fili ne wata Juma'a, da wata mata da Gwaggo ta taɓa yi wa wankan jego ta gan ta zaune a cikin layin mabarata kusa da masallaci, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Matar ba ta yi mata magana a wurin ba, kuma ina ganin ta kyauta da ta yi haka. Ta je gida ta gaya wa mijinta, shi kuma ya sami liman.

Abin da dokoki da tsare-tsare suka tanada

Kafin kwamiti ya yanke wata shawara, mun duba ko akwai wata ƙofa ta hukuma da ta dace da ita. Sashe na 16 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ambaci muhalli mai dacewa da kula da tsofaffi a cikin abubuwan da ya kamata manufofin gwamnati su samar wa 'yan ƙasa, amma yana cikin Babi na 2 ne, wanda kundin da kansa ya ce ba a kai ƙara kotu a kan rashin cika shi. Akwai dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2018, cibiyar kuma ta fara aiki a 2021, shekarar da aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Ta fuskar gidaje kuwa, Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992 ya dogara ne da cire kashi 2.5 cikin 100 na abin da mai aiki ke samu a wata, sannan ya nemi rancen gida ta hannun bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya, rukunin gidajen da gwamnatoci ke ginawa kuma galibi ana biyan kuɗinsu ne a hankali daga albashi. Waɗannan duka an gina su ne a kan mutum mai albashi da sauran shekarun aiki a gabansa, kuma matar tela mai shekara 70 da faifan daddawa ba ta da ta inda za ta shiga cikinsu.

Shawarar da aka yanke

Abin da kwamiti ya fara yi shi ne abin da aka saba, wato aka kai mata hatsi da mai da ɗan kuɗi. Bayan mako 2 muka tarar hatsin ya shiga tukunyar gidan da take raɓe, wanda ba laifi ba ne tun da a can take ci, amma halinta bai canza ba ko kaɗan. Sai aka kawo shawara ta biyu, a kama mata haya da kuɗin zakka. Ma'ajin kwamiti ya nuna cewa asusunmu yana cika ne da azumi da lokacin da 'yan kasuwa ke fitar da zakka, sauran watanni kuwa da ƙyar ake sayen man janareta, kuma idan aka biya bana ba a biya baɗi ba, za a mayar da ita inda aka ɗauko ta, tana kuma da ƙarin shekara ɗaya a kanta. Shawara ta uku ita ce a nema mata wuri a gidan gajiyayyu. Da liman ya kai mata maganar ta saurara har ya gama, sannan ta ce, “Allah gafarta Malam, a unguwar nan aka kawo ni amarya, a nan nake so a ɗauki gawata.” Ba a sake tayar da zancen ba.

Mafitar ta zo ne daga wani malamin makaranta mai ritaya a unguwar, wanda ke da wani sashe mai ɗaki 2 da ƙofarsa daban, inda mahaifiyarsa ta zauna har ta rasu. Yana son ya taimaka, amma yana tsoron abu biyu: idan ya ba da kyauta ya rage wa 'ya'yansa gado, idan kuma ya ce ta zauna kawai, ranar da ya faɗi magadansa suna iya yi mata abin da ya riga ya faru da ita. Liman ne ya tuna masa da umra, ba ta zuwa Makka ba, wadda ake karantawa a babin kyauta da wakafi na Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, a zaurukan malamanmu. Umra ita ce mutum ya mallaka wa wani amfanin gida tsawon rayuwar wanda aka ba, kuma a mazhabar Malikiyya idan mazaunin ya rasu gidan yana komawa ga mai shi, ko ga magadansa in shi ma ya rasu. Wannan ya warware tsoron nasa duka biyu, domin asalin gidan bai fita daga dukiyarsa ba, magadansa kuma ba su da ikon tayar da ita muddin tana numfashi. Sharaɗin da liman ya nanata shi ne hauzi, wato ta karɓi ɗakin ta shiga tun mai bayarwa yana raye da lafiyarsa, domin kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali tana ɓaci. Aka rubuta takarda da Hausa, mai gidan ya sa hannu, manyan 'ya'yansa 2 suka sa hannu a matsayin sun sani, liman da mai unguwa suka shaida, aka yi kwafi 3, ɗaya a wurinta, ɗaya a wurinsa, ɗaya a akwatin masallaci. Na daɗe ina tunanin yadda wannan babi yake a hannunmu shekara da shekaru, almajirai suna haddace shi, amma ba mu cika kawo shi wurin da ake buƙatarsa ba.

Gyaran ɗakin da kuɗin sadaka aka yi shi, domin malamai sun nuna cewa zakka haƙƙin matalauci ce da ake danƙa masa, ba a zuba ta a ginin da asalinsa na mai wadata ne. An sauya kwanon da ya tsiyaye, an yi daɓen siminti, an faɗaɗa taga saboda zafin bazara da kan haura digiri 40 a Katsina. Sauran gyaran ƙanana ne, amma a ganina su ne suka fi muhimmanci ga mai ciwon ƙugu da raunin gani. Magini ya sassare dokin ƙofa ya daidaita shi da ƙasa, ya cike wani kwari da ke tsakanin ɗaki da makewayi, ya ɗaga mazaunin shadda da bulo don kada ta riƙa tsugunno mai tsawo, ya kuma kafa bututun ƙarfe a bango da za ta riƙa dafawa. Aka sa fitilar sola ɗaya a ɗaki, ɗaya a hanyar makewayi, aka girke randa a bakin ƙofa.

Gwaggo ta ƙi yarda ta zauna ba tare da tana ba da wani abu ba. Da farko wasu sun ga abin bai dace ba, amma aka bar ta, aka yanka mata ɗan abin da za ta riƙa sakawa a asusun gyara duk wata gwargwadon cinikinta, watan da babu ciniki kuma babu biya. Irin wannan tsari ba baƙo ba ne a wasu ƙasashe. A Amurka akwai shirin gidajen tsofaffi da ake kira Sashe na 202, wanda ya samo asali daga dokar gidaje ta 1959, inda ƙungiyoyin da ba na neman riba ba ke gudanar da gidaje don masu shekara 62 zuwa sama marasa ƙarfi, mazauni yana biyan kusan kashi 30 cikin 100 na abin da yake samu, a gidaje da yawa kuma akwai ma'aikacin da aikinsa shi ne haɗa tsofaffin da asibiti da sauran hidimomi. Akwai kuma tsarin fara ba mutum muhalli tukuna kafin a shiga gyaran sauran matsalolinsa, wanda Sam Tsemberis ya fara a birnin Niyok a 1992, ƙasar Finlan kuma ta mayar da shi manufar ƙasa a 2008, masu kwana a waje suka ragu ƙwarai a can. Kuɗin da ke bayan waɗannan shirye-shirye ba mu da irinsa, amma ginshiƙansu guda uku, wato zama mai tabbas a rubuce, da biya daidai ƙarfi, da wani wanda aka ɗora wa leƙa mazaunin, duk ana iya kafa su a lungun cikin birni.

Na ukun nan ne ya fi ba mu aiki, domin a unguwa kowa yana cewa zai riƙa leƙawa, kuma abin da aka bar wa kowa ba wanda ke yinsa. Saboda haka aka raba aikin da suna, aka rubuta a littafin kwamiti. Wata maƙwabciya, bazawara mai yara, ita ke shiga safe da yamma ta ga ko ta tashi lafiya, ko ta ci, ko ta sha magani, kwamiti kuma yana ba ta ɗan alawus duk wata. Wani saurayi yana cika randa. An sake buɗe mata kati a ƙaramin asibitin da ke kusa, kuma wata ma'aikaciyar lafiya 'yar unguwar tana auna jininta sau ɗaya a wata ta rubuta. 'Ya'yan mijinta maza aka kira su gaban mai unguwa, ba don a kunyata su ba, aka tambayi kowa abin da zai iya, suka yarda da kwanukan gero da masara da za su riƙa kawowa bi da bi. Wanda ta fara zama a gidansa ya zo ranar da ta tare, ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, “Gwaggo, ki yafe mana.” Ta ce, “Ɗan nan, tashi, ɗaki biyu gare ka, me za ka yi?” Tun daga lokacin yaransa suke zuwa mata wuni ranar Alhamis, kuma na lura zumuncin da zaman gida ɗaya ya kusa kashewa ya farfaɗo ne bayan da kowa ya samu ƙofarsa.

Yanzu ta haura shekara a ɗakin. Ta koma shan maganinta, awon jininta ya daidaita, ba ta sake faɗuwa ba. An yi mata aikin yanar ido, abin da ba zai yiwu a da ba, tun da wanda aka yi wa aikin ido yana buƙatar wuri mai tsabta da wanda zai riƙa ɗiga masa magani na makonni. Faifan kayan miya ya dawo bakin ƙofa, tsofaffin masu sayenta suna aiko yara.

Akwai abubuwan da ba su tafi daidai ba. Alawus ɗin maƙwabciyar ya tsaya har wata 2 bayan babbar salla saboda asusu ya bushe, ta ci gaba da zuwa don Allah, amma ba daidai ba ne a jingina kulawar tsohuwa a kan haƙurin wata matalauciyar. Wannan ne ya sa muke neman wanda zai tsayar da wakafi mai kawo kuɗi, ko da shago ɗaya ne da hayarsa za ta riƙa biyan alawus da magani, muna kuma shirin kai bayanin ga Hukumar Zakka da Wakafi ta jiha. Wasu daga cikin dangin sun ji haushi, suna ganin shigar kwamiti ta nuna wa duniya sun kasa, kuma ɗaya daga cikin 'yan'uwan har yanzu bai kawo nasa kason hatsin ba. Babban abin da ke damuna shi ne tsarin ya dace da tsohuwar da ke iya tashi ta yi alwala da kanta. Idan jiki ya shanye, ko ruɗewar tsufa ta zo, leƙawa sau biyu a rana ba za ta wadatar ba, ga shi kuma mun san yadda bakin mutane ke saurin jifan tsohuwar da ba ta da ɗa da maita idan ta fara surutai ita kaɗai.

Da aka koma baya aka duba, wurin da ya fi sauƙin tare wannan lamari shi ne ranar rabon gado. Da wani ya tambaya a zaman nan inda uwargida za ta kwana bayan shekara 3, da magada suna iya yarda a tsakaninsu a cire ɗakinta daga cinikin, ko a sayar da gidan da sharaɗin zamanta, ko a haɗa kasonta da ɗan ƙari a gina mata ɗaki a gidan ɗayansu da sunanta. Magidanta ma suna da abin yi tun suna da lafiya, sai dai da sani, domin ba a yi wa magaji wasiyya sai in sauran magada sun amince, kuma malaman Malikiyya sun yi bayanin cewa kyautar da miji ya yi wa matarsa ta gidan da shi ma yake zaune a ciki hauzinta bai cika ba. Limaminmu ya ɗauki alkawarin duk rabon gadon da aka kira shi zai yi wannan tambaya kafin a kira dillali, kuma ya riga ya yi ta a gida biyu.

Ɗaki na biyu na sashen har yanzu a rufe yake. Mai gidan ya yarda ya ba da shi a kan sharaɗin umra, kuma wanda ke kan gaba a littafinmu wani dattijo ne da ya baro ƙauyensu a yankin Batsari bayan an kashe ɗansa an kore shanunsu, ba ya gani sosai, yana kwana a zauren mai unguwa. Matsalar ita ce makewayi ɗaya ne a sashen, tsakar gidan ma ɗaya ce, kuma ba zai yiwu a haɗa shi da Gwaggo haka ba. Magini ya auna, ya ce sai an ja katanga an fasa wata ƙofa ta lungu an haƙa shadda ta biyu, abin da ke cikin asusu kuwa bai kai kuɗin bulo ba. Wasu 'yan kwamiti suna ganin a ba wata tsohuwa ɗakin tun da ba sai an yi gini ba, a ci gaba da nema wa dattijon wani wuri, wasu kuma suna ganin shi ya fi kowa matsuwa ga hunturu yana matsowa. An ɗage maganar zuwa zaman Juma'ar farko ta wata mai kamawa, bayan la'asar, kuma an ce a gayyato mai gidan da maginin.